Fim ɗin da Waisale Ya Cinye wa Ƙarshe

"Lafiya ƙalau muka kwana, tavale, sai dai ganin fuskarka tun kafin in sha shayi. Wannan kam ba ya cikin abin da na roƙi Allah."

"Ni ma ba kewarki ce ta hawo da ni tudun nan ba. Ina na'urata?"

Waisale ke nan, ya sunkuyo ya shigo, ya naɗe ƙafa a tabarmar bakin ƙofa yana haki. Akanisi ko ɗagowa ba ta yi ba daga kwakwar da take gurzawa. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka su tavale ne, abokan wasa tun suna yawo ba zani. A tsibirin Koro kuwa kowa ya san haƙƙin tavale: ya zage ka ka yi dariya, ya ɗauki kayanka ka yi masa rakiya, ya shara maka ƙarya ka nemo wadda ta fi ta ka rama. Shekara sittin da ɗoriya suna wannan sana'a, ba wanda ya taɓa neman hutu.

Kwana tara ke nan da ta je gidansa ta ɗora tafin hannu a kan talabijin da bidiyon da yake nuna wa gari fim da su duk Juma'a, ta ce, "Na roƙa." Shi da kansa ya saɓo mata su a kafaɗa. Hujjarta, wai ita ce shugabar matan coci, kuma fasto ya ce kada a ƙara nuna kaset sai ta duba shi tukuna. Wannan gaskiya ne, amma dalilin gaske yana ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai. Wasiƙa ce daga jikarta kuma takwararta, wadda uwarta Timaima ta tafi da ita birnin Sakaramento na Amurka tana 'yar shekara goma, yanzu ga ta sha bakwai. Wani yaro ɗan ajinsu ya gayyace ta rawar ƙarshen shekara ta makaranta, uwar kuma ta ce a tambayi kaka, abin da ta ce shi za a yi. Jirgin ruwa yana gaɓa tun asuba, da tsakar rana zai tashi da jakar wasiƙu, kuma in amsa ba ta bi shi ba, ba za ta isa ba sai an share filin rawa. Akanisi ba ta san mece ce wannan rawa ba, ba ta san me ake yi a cikinta ba. Abin da kawai ta samu na leƙawa shi ne wani kaset na soyayyar ɗaliban Amurka da Waisale ya zo da shi daga birnin Suva, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

"Kwana tara, Akanisi," in ji Waisale. "Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne. Ko kunkuru aka ba aikin nan ya ci a ce ya kawo rahoto."

"Aikin hukuma ba a yi masa gaggawa."

"Hukumar wa? Maza sun fara tare ni a hanya. Juma'ar da ta wuce haƙuri kawai na nuna musu. Faɗa mini tsakani da Allah, kin tauna mini kaset ne? Ko kifi kike shanyawa a kan talabijin ɗin?"

"Da na shanya, da ya fi amfani a kan abin da ke cikinsa."

"To, ranki ya daɗe, a ba mu hukunci."

Ta ajiye kwakwar, ta goge hannu a gefen zani, ta gyara zama irin na ranar taron coci.

"Da farko, su wa ka ce su ne?"

"'Yan sakandare."

"Ƙarya. Yaron nan mai jar mota, in bai kai talatin da biyar ba, to ni ma ban kai ashirin ba. Akwai wani a bayan aji har da sanƙo, sak irin naka. Ko dai a Amurka ba a cin jarrabawa, ko dai akwai abin da ake ɓoye mana."

"Abinci gare su, da wuri suke girma."

"Wane abinci? Sau shida na kalla, ban ga wanda ya cinye nasa ba. Su ɗauko faranti cike, su zauna, a yi magana biyu, a tashi a bar shi. Rana ɗaya ma jifan juna suka yi da shi, kuma ba a samu babba ko ɗaya da ya zo da tsintsiya ya zane su ba."

Waisale ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya.

"Sau nawa kika ce?"

"Ban ce ba."

"Shida kika ce. Sau shida kika zauna kina ƙona wa gari man janareta a kan abin da bai kai busasshen kifi ba?"

"Mai neman ƙwarƙwata ai sai ya bi gashi ɗaya bayan ɗaya. Bar katse ni. Yaron ya take akwatin wasiƙun uban yarinya da mota, aka ce hukuncinsa ya riƙa zuwa yana yanke musu ciyawa duk Asabar. Fili guda, tavale, ya kai na coci, babu rogo, babu gwaza, ko ayaba ɗaya babu. Ciyawa suke nomawa, su yanke, su zubar. Sannan wane uba ne mai hankali saurayi zai yi wa ɓarna, ya ce hukuncinka shi ne ka riƙa zuwa gidana kana cire riga a gaban 'yata?"

"Ai ta nan soyayyar ta shigo."

"Ta taga ta shigo! Gida mai ƙofa uku, sai ya hau bishiya. Ranar da ya ga dama ya bi ta ƙofa kuma, ko saiwar yangona ɗaya, wadda ake jiƙa wa manya su sha, bai riƙo wa uban ba. Ya shigo da hula a kansa, ya kira dattijo da sunansa gatsal, ya gifta ta bayan mutane suna zaune ko sunkuyawa bai yi ba. Sannan…" Ta rage murya, ta leƙa waje. "Ya sa hannu a kanta. A ka, Waisale! Ya yamutsa mata gashi, ita kuma shashashar tana dariya."

Wannan kam ko Waisale sai da ya shafa sanƙonsa, don a Koro ko jariri ba a taɓa wa kai haka kawai.

"A nan ni ma na kau da ido," ya ce. "Amma sauran duk kishi ne ke damunki. A zamaninki ba wanda ya hau miki bishiya."

"Kai ka hau, ka faɗo cikin garken aladun babana."

"Kwakwa na je tsinka."

"A bishiyar mangwaro?"

"Duhu ne."

"Da azahar tsaka aka yi, alade ma ya gane ka."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ita ba ta yi ba. Ta nuna shi da cokalin gurza kwakwa.

"Duk wannan laifin Amurka ne. Naka laifin yana ƙarshe. Yarinya ta sa riga, ya zo da wata doguwar mota, ya ɗaura mata fure a hannu, suka isa bakin zauren rawa. Aka buɗe ƙofa, kiɗa ya tashi, na gyara tabarau, sai ga ƙarti cikin gajeren wando suna danne juna a kan ƙwallo. Zari-ruga, Waisale! Daga nan har kaset ya ƙare."

"Wasan ƙarshe ne fa. Kin ga yadda dogon nan ya zille wa mutum uku?"

"Na ga yadda kake zille mini."

"Kuskure ne, tavale. A gidan ɗana Ilaitia ne a Suva, za a fara wasa, babu kaset ɗin da ba komai a kai. Na liƙe ɗan ramin nan da ke hana a ɗauki wani abu a kan kaset da salatif, na danna jan maɓalli. Na ɗauka yana daidai wurin da fim ya ƙare, ashe jikokina sun maido shi baya."

"Ka ɗauka."

"Na rantse."

"Kai da ka rantse mini guguwa ce ta tafi da zakarana, alhali gashinsa na maƙale a gemunka? Da gangan ka goge. Abin da ke bayan ƙofar nan ya fi ƙarfin idon fasto, shi ya sa ka rufe shi da ƙarti."

"Da na san haka za ki fassara, da na rufe shi da wa'azi."

"Amma kai ka ga ƙarshen kafin ka cinye shi."

"Har sunayen nan masu hawa sama na gani."

"To me ya faru a ciki?"

Nan take idon Waisale ya kawo haske. Akanisi ta san wannan haske, tun suna 'yan firamare take ganinsa, kuma bai taɓa zuwa da alheri ba.

"Suna shiga," ya ce, "aka kulle ƙofa. Sai ga fasto ya fito daga bayan labule, ya ɗaura musu aure su duka ɗari huɗu, har da mai sanƙon."

"Waisale."

"Na tuba, na haɗa da wani fim. Gaskiyar ita ce, ashe yarinyar 'yar sanda ce mai 'ya'ya biyar. Shekara uku tana bin sa a kan akwatin wasiƙun nan."

"Zan kwaɗa maka kwakwar nan."

"To rufin zauren ne ya rufta, saboda nauyin man da suka shafa a gashi. Mutum ɗaya ya tsira, mai sanƙon."

Daga can gaɓa jirgi ya yi ƙaho, dogo guda ɗaya, alamar saura awa. Akanisi ta ajiye cokalin. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma kashi biyu ne. In ta ce a je, wataƙila da hannunta ta tura takwararta cikin abin kunya a ƙasar da ba ta da kawu ko ɗaya da zai tsaya mata. In ta ce kada a je, yarinya za ta zauna a ɗaki ita kaɗai tana jin motoci na wucewa, ta riƙa tuna kakarta da wannan har abada. Abin haushin kuma, a duk faɗin tsibirin mutum ɗaya ne ya ga bayan ƙofar nan, kuma shi ne mutum ɗaya da al'ada ta ba lasisin yi mata ƙarya.

Shi ma ya lura fuskarta ta canja.

"Tsaya tukuna," ya ce, yana ƙare mata kallo. "Ke da ba ki taɓa ganin ƙarshen fim ba a rayuwarki. Kullum a tsakiya kike ɓingirewa, munsharinki ya fi janareta ƙara. Yau kuma ke ce kike bin ƙarshe har da zare ido? Akwai magana. Wa ya gayyace ki rawa? Tsohon nan mai kaɗa gangar coci ne? Ki gaya masa sai ya biyo ta hannuna, kuma ba na karɓar ƙasa da alade biyu, ɗaya na haƙurin da zai yi."

Ta ɗaga gefen tabarma ta zaro wasiƙar, ta tashi a sunkuye, ta wuce shi, ta je ta zauna a kan dokin ƙofa, ƙasa da inda yake, wurin da mai roƙo ke zama. Ta lanƙwasa tafukanta ta tafa sau uku, a hankali, irin tafin da ake yi wa manya.

"Baban Ilaitia," ta ce.

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke ɗif. Ta kira shi ɓarawon zakara, ta kira shi tulun yangona, ranar aurensa ma angon aladu ta ce masa a gaban surukansa, amma ba ta taɓa kiran sa da sunan girma ba.

"Wa ya rasu?" ya ce.

"Ba kowa. Karanta."

Ya miƙar da hannu nesa da ido, yana motsa leɓe. Wasiƙar ba ta da tsawo. A ƙasa yarinyar ta rubuta, da sunan da take kiran kakarta: "Bubu, Mama ta ce ke za ki yanke. In kin ce a'a ba zan je ba, kuma ba zan yi fushi ba, sai dai kaɗan."

Ya ninke takardar yadda ya same ta, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ba tavale nake tambaya ba," in ji Akanisi. "Ɗan kawuna nake tambaya. Me ke bayan ƙofar nan?"

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ka san mutumin da ya shekara sittin yana ƙarya, in aka ce ya faɗi gaskiya sai ya nemo inda ya ajiye ta.

"Zauren wasan ƙwallo ne," ya ce, "an rataya masa takardu masu launi. Malamai suna jere a jikin bango suna zare ido. Aka yi rawa, rawar ma ba su iya ba, tsalle ne kawai. Ya taka mata riga ta yage, ta shiga banɗaki tana kuka, ƙawarta ta kama mata da fil. Suka fito aka ƙarasa. Ya maido ta gida a kan lokacin da uban ya ce, uban kuwa yana leƙe ta labule. A bakin ƙofa…"

"Faɗi."

"Ya sumbace ta. Sau ɗaya. Uban ya kunna fitilar waje, yaron ya ruga mota har yana tuntuɓe. Shi ke nan, sai sunaye."

"Kanta fa?"

"Bai taɓa ba. Wuni guda aka yi ana gyara gashin nan, da ya taɓa da a nan fim ɗin ya koma na kisa."

Akanisi ta sauke numfashi.

"Da ka ce babu sumba," ta ce, "da na san tavale ne ke magana."

"Ai na so in cire. Bakina ne ya ƙi."

"Sumbar nan ce dai ba ta kwanta mini ba."

"Ni ma ba ta kwanta mini ba. Amma bari in tambaye ki, tunda sau shida kika kalla. Kin ga kaka a fim ɗin nan?"

Ta bi fim ɗin a ranta tun daga farko, ɗaki ɗaki. Akwai kare, akwai ƙane mai baƙin surutu, akwai malami mai gemu. Babu kaka ko ɗaya, ko a hoton bango.

"Kin ga wanda ya nemi izinin wani kafin ya yi abin da ya ga dama? To taki tana bayan teku. Shekara bakwai ba ta sa ki a ido ba. Da ta sa riga ta tafi, har ki mutu ba za ki ji labari ba. Amma ta zauna ta rubuta, ta manna kan sarki, tana can tana leƙa akwatin wasiƙu kullum. Ni ban san yaron ba, ba zan rantse a kansa ba. Yarinyar dai na san wadda ta yi mata wanka."

Akanisi ta juya fuska wajen teku, ta ja gefen zani ta goge hanci. Sannan ta tashi ta koma wurin zamanta na ɗazu.

"To, Baban Ilaitia ya tafi, mun gode masa," ta ce. "Kai kuma, ɓarawon zakara, miƙo mini biron da ke aljihunka."

"Nawa ne fa."

"Na roƙa."

Ta yagi takarda daga littafin taron mata, ta rubuta tana faɗa da ƙarfi: "Je ki, takwara. Ta ƙofa zai shigo, ya cire hula, ya gaida uwarki a zaune. Kanki kuma naki ne." Ta ninke. Sai ta shige bayan labule, ya ji ana jan akwati, ta fito rungume da doguwar riga shuɗiya mai zanen fararen furanni, hannu har gwiwar hannu, wuya har maƙogwaro.

Waisale ya buɗe baki.

"Tabɗi! Ashe tuni kin yarda, kika sa ni faɗin gaskiya a banza? Kin san ciwon da ta sa mini a ƙirji?"

"Ban yarda ba. Da rana in ɗinka, da yamma in kalli kaset in ce ba inda za ta, gari ya waye in koma kan keken ɗinki."

"Wannan wuyan kuwa, ko sauro sai ya nemi izini. Yaron zai ɗauka da matar fasto ya fito."

"Haka nake so ya ɗauka."

Ya karɓi rigar ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa, yana neman wani abin tsokanar. Ya samu a ƙasa. Bakin rigar ya yi kauri, an ninke shi an sake ninkewa, ninki huɗu, kowanne da nasa ɗinkin.

"Wannan fa? Yadin ne ya yi miki yawa, ko labulen coci kika ɓoye a ciki?"

"Ban san tsawonta ba, tavale." Ta kai hannu daidai ƙirjinta. "Rabona da in auna ta, nan take kawo mini. Sai ta yi ta warwarewa har inda ta kai."

Waisale ya tsaya riƙe da bakin rigar, yana shafa ninkin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Jirgi ya sake yin ƙaho, gajere sau biyu.

"Kin ci ni yau," ya ce, ya yi 'yar dariya. "Kawo takardar."

Ya naɗe rigar da kansa, a hankali, ya sa wasiƙar a tsakiya, ya rungume ta a ƙirji ya fita. Akanisi ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsoho ɗan shekara sittin da takwas yana gangara tudu da gudu, zaninsa na kaɗawa.

"Kada ka faɗi a kanta!" ta ƙwala masa. "In za ka faɗi, ka ɗaga ta sama tukuna!"

Bai waiwayo ba, sai dai ya ɗaga ƙunshin sama da kansa da hannu biyu, a haka ya ƙarasa gaɓa.